Shafin da Aka Ba Mu

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Baffa? Allah ya sa kumburin ya sauka.

Yaya, kwamitin sabunta manhajar firamare ya gama zama. Kin san shekara biyu ina zarya wurin Baffa, ina rubuta yarenmu da tarihinmu daga bakinsa, don a saka a littafin 'yan aji huɗu. Mu goma sha ɗaya ne a ɗakin taron, kowa da fayil ɗin mutanensa. Da aka zo kaina, shugaban kwamiti ya auna nawa a hannu kamar mai tayin kaza, ya ce, "Malama, wai ku nawa ne ma?" Wani ya miƙe ya ce a fara tantance wa ya riga wa zuwa, don kakanninsa ne 'yan asali. Har azahar ana musu a kan kaburburan kakanni. A ƙarshe manyan ƙabilu uku suka samu babi-babi, mu sauran aka cusa mu a shafi ɗaya.

Kada ki faɗa wa Baffa tukuna. In ya tambaya, ki ce ana kan aiki.

Ƙanwarki,
Auta

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na ji jikin Baffa ya ƙara tsanani. Allah ya ba shi sauƙi.

Littafin ya fito. A shafin da aka ba mu, hoton wasu masu rawa ne da ban san su ba, sai layi huɗu, a ƙarƙashin taken "Mutanen Da". Ko sunanmu ba a rubuta daidai ba. Na kai koke sau biyu, sakatare ya ce sai bugu na gaba, bayan shekara goma. Ni da ke mun san Baffa ba zai kai ba.

Ranar Talata ni na koyar da shafin, mai duba makarantu yana zaune a bayan aji da bironsa. Wata yarinya ta ɗaga hannu, ta ce, "Malama, akwai sauransu har yanzu?" 'Yata tana benci na biyu. Ta kalle ni, ta sunkuyar da kai, don ta sha roƙona kada in yi mata yare a gaban ƙawayenta. Na buɗe baki, Yaya, sai na ji kaina ina cewa, "Ku kwafi abin da ke kan allo." Suka kwafa. 'Yata ma ta kwafa, da kyakkyawan rubutunta. Mai duba ya yaba min ƙwarai.

Ba zan zo wannan hutun ba. Ban san da wace fuska zan durƙusa in gaishe shi ba.

Ki gaida kowa da kowa.

Taki har kullum,
Auta