Kaftaninka a Jikin 'Yarka

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, irin wadda ka saba samu kullum safe kafin ka ɗauki makullin mota. Ina fata Allah Ya sa kana cikin rahamarsa. Mu nan unguwar Shumaisi a Riyad lafiya lau, sai zafi. Ina nan a asibitin da ka bar ni, an sabunta mana iƙama, takardar izinin zama, ni da yaran. Shekara biyu ke nan da aka kai ka maƙabartar Al-Ud. Ka san mata ba sa shiga, don haka in mota ta bi da mu ta gefen katangar sai in yi maka addu'a ta taga.

Dalilin wannan takarda shi ne in sanar da kai cewa na ba da aron kaftaninka ruwan toka da hularka. Eh, ban raba su ba. Da aka kwashe kayanka za a bayar sadaka na ɓoye waɗannan biyun a ƙasan akwatina, ban gaya wa kowa ba.

'Yarka ta fari ce ta ara. A makarantarsu malamar Turanci ta sa 'yan ajin ƙarshe su yi wani tsohon wasan barkwanci na Turawan Ingila. Labarin wata budurwa ce da ta sa kayan maza ta shiga yi wa wani basarake aiki. Ta kamu da son sa, ba damar faɗa, tunda shi a ganinsa yaronsa ne. Shi kuma ya riƙa aiken ta zance wajen wata matar da yake so, matar ta bar mai aiken ta ƙyalla ido a kan ɗan aiken. An ce a zamanin da aka rubuta shi samari ne ke fitowa a matsayin mata. A nan kuwa sashen 'yan mata ne, basaraken ma yarinya ce da gemun auduga. Kusan kowa a dandamalin mace ce cikin kayan maza, amma 'yarka kaɗai labarin ya yarda da cewa ɓad da kama ta yi. Ni dai ban ga abin mamaki ba, mu ma a Malumfashi mun sa babbar rigar Baba mun yi tashe.

Malamar ta ce kowace ta zo da kayan mazan ƙasarsu. Sauran suka kawo jallabiya da shimag, mayafin kan nan na mazan Larabawa. Taka ta ce ita kaftani da hula take so. Ashe ta daɗe da sanin abin da ke ƙasan akwatin. Ba ta tambaye ni baki da baki ba. Tana ɗakinsu ina kicin ta turo mini saƙo a waya, da Larabci.

Ka san yadda muke da ita. Kakata ce ta raine ni, kuma a gidanmu uwa ba ta faɗar sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Haka aka yi wa yayana, ɗan farin gidanmu, bai mutu ba. Shekara goma sha bakwai ina ce mata “ke”, in ina maganarta da wasu in ce “yarinyar nan”. Ƙanwarta Hauwa kuwa ina kiran ta sau hamsin a yini, har goya ta na yi tana aji ɗaya. A can ƙasarmu kowa zai gane. Amma ita a Riyad ta tashi, inda uwa ke tsayawa a ƙofar makaranta tana ƙwala “habibti”, wato masoyiyata, tana sumbatar 'yarta kumatu biyu kamar wadda ta dawo daga Hajji.

Kai ne ɗan aikenmu. In na ga ta fita ba rigar sanyi sai in ce, “Babanki ya ce ki sa suwaita.” In na soya mata awara, wadda ita kaɗai ke ci a gidan, sai in ce kai ka sa. Kai kuma kana biye mini. Na sha jin ka a mota kana ce mata, “Mamanki fa ta fi ni damuwa da ke, kunya ce kawai.” Ita kuma ta ce, “Kunyar me, Baba? Ana bintaha, 'yarta ce ni, ba baƙuwa ba.” Sai ka yi dariya ka ƙara sautin rediyo.

Da ka tafi, sai na rasa wanda zan laƙa wa magana. Ba zan ce babanki ya ce ba. Sai na koma ajiye awarar a kan tebur in wuce, ita ma ta ci ta wanke farantin ta wuce. Ba mu taɓa faɗa ba, ka shaida wannan. Gidan dai ya zama kamar ɗakin jiran likita.

In ta gama jarrabawa za ta tafi Zariya wajen Yaya Binta, yayarka, ta shiga jami'a kamar yadda ka tsara. Watan jiya na ji tana gaya wa Hauwa cewa in ta tafi ba ta ga abin da zai dawo da ita hutu ba, tunda wanda ke neman ta ya riga ya kwanta dama. Ina bayan ƙofa da kwandon wanki. Na wuce na shanya kayan. Maganar ta yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba, kuma ban ga laifinta ba.

Na wanke hular, na sa mata sitaci, na kifa ta a kan gwangwanin madara ta bushe, yadda kake yi. Na nannaɗe hannun kaftanin na kama shi da zare, ban yanke ba. Da na miƙa mata abin da ya fito daga bakina shi ne, “Kar ki ɓata shi da maiƙo.” Ta ce, “Shukran. Ba sai kin zo ba, na san kina da aiki ranar.”

Na yi musayar aiki da wata 'yar Filifin, na je ban gaya mata ba. Iyaye mata kaɗai aka gayyata. Na zauna layin baya.

Malam, da ta fito sai na ga kamar kai ne. Ta karya hular gefen hagu. Ta sa hannu ɗaya a aljihu tana kaɗa makulli, ba wanda ya koya mata, a wasan ma babu makulli. Turancin nasu na da can ne, rabinsa ya wuce ni, duk da takardun da nake karantawa a wajen aiki. Amma na gane wajen da basaraken ya zaunar da ita yana yi mata bayanin soyayya, ita kuma tana son ta ce ni ce, sai ta fake da labarin wata yarinya. Matan da ke gefena suka yi ta dariya. Ni ban yi ba, na san wannan aikin. A ƙarshen wasan an gane ta, kowa ya sami nasa, aka tafa. Na lura ita budurwar ba ta ma sha wahalar faɗa ba, labarin ne ya tona mata asiri ta huta.

Da aka tashi, iyaye suka yi kan dandamali, kowace tana kiran tata. Taka tana can gefe ta cire hular tana juya ta a hannu. Ba ta duba cikin taron ba, ba ta sa ran kowa. Na buɗe baki zan ce “ke”, sai na ga 'yan mata sun fi ɗari a ɗakin, kowacce ke ce.

Na ce, “Safiyya.”

Ba ta juyo ba. Ina jin ta ji, amma ba ta san sunan da wannan muryar ba. Na sake, da ƙarfi, har wata Bamisriya ta matsa mini. Ta juyo ta gan ni, fuskarta ta canza, ta sauko da gudu tana tattare kaftanin. Ta ce, “Mama, lafiya? Wa ya rasu?”

Ka ji abin da na jawo. 'Yata ta ji sunanta a bakina, abin da ya fara zuwa mata shi ne mutuwa aka yi.

Na ce mata ba wanda ya rasu. Na ce ta iya, ta fi kowa, kuma ni ce na faɗa, ba saƙon kowa ba ne. Ban sumbace ta ba, abin bai kai can ba tukuna. Na dai riƙe hannunta har bakin ƙofa, ita ma ba ta janye ba. A cikin tasi, da muka kusa gida, ta ce, da Hausarta mai karkata, “Ki ƙara faɗa.” Na ƙara kiran sunan. Direban ya ɗauka wata unguwa nake nufi, ya rage gudu.

Ban tambaye ta maganar hutu ba, ita ma ba ta tayar ba. Saura wata huɗu ta tafi. Ina kiran ta yanzu sau biyu ko uku a yini, har yanzu bakina na yin nauyi. Na yi kewarka, Malam. Wannan ma ban taɓa iya gaya maka irinsa ba kana raye, na bar ka kana ganewa da kanka, kai kuma ba ka taɓa yin ƙorafi ba.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka makwancinka, Ya saka maka da alheri a kan duk saƙon da ka ɗauka tsakaninmu. Allah Ya raya mana su, Ya sa in ta tafi ta yi marmarin dawowa. Amin.

Matarka,
Maman Safiyya