Na Je Ƙasar Ƙanƙara, Umma

Assalamu alaikum, Umma. Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, na zo in faɗi laifina da bakina. Da kina raye, da tuni Yaya Nasir ya riga ni kawo ƙara.

Na je Iceland, Umma. A tsakiyar hunturu, ni da sikilata.

Shekara talatin kina tsare ni daga sanyi. A gidanmu na Aziziyya, Jidda na tafasa, kowa ya kunna mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, yana shan iska, ni ɗakina sai fanka. Ruwan firij ban san ɗanɗanonsa ba sai bayan rasuwarki. Maganarki kullum ɗaya ce: "Hafsa, jininki ba ya shiri da sanyi."

Ban tafi da ka ba. Likitata ta amince bisa sharuɗɗa, na sayi riguna masu kauri, na ɗebi magunguna. Kwana uku lafiya lau. Rana ba ta leƙowa sai wajen sha ɗaya, kina sallame azahar la'asar ta matso.

Rana ta huɗu aka kai mu wani tafki da ruwansa ke fitowa da zafi daga ƙarƙashin ƙasa, tururi na tashi, ƙanƙara ta kewaye shi. Ke kika rene ni, ba zan tuɓe a gaban mutane ba, sai na shiga da riga da wando da hijabi. Wallahi ƙasusuwana ba su taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Fitowa ce ban yi tunaninta ba. Turawa suka goge jiki suka ruga ciki, ni kuwa jiƙaƙƙun kaya suka manne min, iska ta kaɗa. Kafin in kai ɗakin sauya kaya hijabin ya sandare kamar kilishi. A mota ciwon ya tashi.

Kwana biyar na yi a asibiti. Tsaunin ƙanƙarar da na je dominsa ko daga nesa ban hango shi ba. Na yi kuka, na kira sunanki, har haushinki na ji don kin yi gaskiya.

Da na dawo Yaya Nasir ya ce halas, wato an gama, ya kulle fasfona a durowarsa. Jiya na je na zauna masa a falo, na ce ba inda za ni sai da shi. Bayan la'asar ya miƙo min, bai kalle ni ba.

Zan koma baɗi, in Allah ya yarda. Ruwa ba zan shiga ba, amma sai na taka tsaunin nan.

Ummana, tsoronki ne ya raya ni, na sani. 'Yan'uwa masu irin ciwona nawa muka rufe? Sai dai wannan rai da kika sha wuya kika tsare min, ki bar ni in more shi. Ina jin tsoro, kuma zan tafi. Ki yafe min.

Allah ya kai haske kabarinki, ya saka miki da gidan Aljanna, ya dawo da ni lafiya.

Taki har abada,
Hafsa
Safa, Jidda