Ambulan da Na Musanya

Burul eje, babbar yayarmu mai amsa wasiƙu a jarida, don Allah ki taimake ni. Mako uku ke nan abinci ba ya shiga cikina, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke da ba ki san fuskata ba.

Ina aiki a wani asibiti a nan garinmu Karakol, a binciken da ake yi kan rage shan giya tsakanin samari. Kin dai san halinmu, ba a biki sai an ɗaga kofi, wanda ya ƙi kuwa a ce ya raina mai gida. Aikina shi ne duk saurayin da ya zo in buɗe masa ambulan da ke saman tarin, bi da bi. In koren kati ya fito, zai zauna da mai ba da shawara har sau shida. In fari ne, takardar faɗakarwa kawai zan miƙa masa. An ja mana kunne kada mu zaɓa wa kowa, don a ƙarshe a gane ko zaman yana da amfani.

Wata Laraba samari biyu suka zo. Ɗaya Ermek ne, ɗan ƙanin mahaifina, wanda na sha wuya kafin ya yarda ya zo. Ɗayan wani makanike ne, Kubat, mai kunya, yana ta ɓoye hannuwansa saboda baƙin mai. Shi ya riga zuwa. Eje, na ɗaga ambulan biyun a hasken taga, na ga na Kubat ne kore, na musanya. Kubat ya karɓi takardarsa ya ninke ta huɗu, har da yi mini godiya.

Bayan wata huɗu, a bikin abokinsa a bakin tafki, ya sha ya shiga ruwa da rana tsaka, bai fito ba. Ban sani ba sai da lokacin bibiyar samarin ya yi na kira lambarsa. Mahaifiyarsa ce ta ɗauka. Ta ce ta tsinci takardarmu a aljihun rigar sanyinsa, ya ja layi da biro a ƙarƙashin wasu wurare. Ta yi ta sa mini albarka, wai ashe akwai wanda ya damu da ɗanta. Ta ce in zo in sha shayi.

Tun ranar, duk wanda ya zauna a kujerar da ke gabana hannuwan Kubat nake gani. Ina jin warin man inji a ofis, abokan aikina su ce su ba su ji komai ba. Shi kuwa Ermek sau biyu kacal ya je zaman, wai mai ba da shawarar ta cika surutu. A sunan da aka yi makon jiya shi ne mai zuba wa jama'a giya.

Ni na kashe yaron nan? In faɗa wa likitar da ke shugabantar binciken, ko da za ta kore ni? Mahaifiyarsa fa, in je in gaya mata gaskiya?

Mai nadama, daga Karakol

Ƙanwata,

Kin yi laifi, ba zan ɓoye miki ba. Amma laifin da kika yi daban, wanda kike hukunta kanki a kai daban. Da an tabbata zama shida na hana saurayi shiga ruwa a buge, da ba a ɓata lokaci ana bincike ba, kowa za a ba. Ga Ermek nan a gabanki, ya samu koren katin, me ya canja? Wataƙila da Kubat ya amfana, tunda har ya ja layi a takarda. Wataƙila kuma da bai amfana ba. Ni ban sani ba, ke ma ba za ki taɓa sani ba, kuma dole ki koyi zama da hakan. Amma ba ke kika cika masa kofi ba, ba ke kika tura shi ruwa ba.

Abin da ke hannunki shi ne binciken. Samari da yawa za a yi wa magani da sakamakonsa, ke kuma kin sa ƙarya a ciki. Ki je wurin likitar cikin makon nan, ki faɗi ranar da lambobin ambulan biyun, kada ki kawo uzuri. Tana iya gyara lissafinta, tana iya sallamarki. Ko wanne ta yi, ya fi wannan zaman da kike yi. Ki kuma nemi wanda za ki riƙa tattaunawa da shi a kan warin nan da kike ji, ai a asibiti kike.

Ermek kuma ki daina lallaɓa shi a ɓoye. Ki samu mahaifinsa ku yi magana a fili, tun yaron yana da rai.

Saura mahaifiyar Kubat. Na san bakinki na ƙaiƙayi, amma ki tambayi kanki wa faɗar za ta sauƙaƙa wa. Ke za ki sauke kaya, ita ta ɗauka har ƙarshen ranta, tana cewa da ma. In wata rana ta tambaye ki, kada ki yi mata ƙarya. Yanzu dai ki sayi burodi da alewa ki je, ki zauna ki bar ta ta ba ki labarin ɗanta har shayin ya huce. Za ta sake gode miki. Ki daure ki karɓa, wannan nauyin naki ne, ba nata ba.

Allah ya jiƙan Kubat, ya sanyaya zuciyar mahaifiyarsa, ke kuma ya ba ki ƙarfin ƙwanƙwasa ƙofar likitar.

Burul eje