Kujera a Bayan Teburin Don Osvaldo

Lahadi, 3 ga Maris

Wata huɗu ke nan da yi mini aikin gwiwa. Likita ya ce in ajiye zancen rawa tukuna. Zaman gida ya gagare ni. Na sake wanke kwanukan da na riga na wanke, ƙarfe huɗu na yamma sai ga ni a bas ɗin unguwar Almagro, ni da sandata.

Zauren rawarmu yana nan yadda na bar shi, rawar swing kowace Lahadi daga huɗu zuwa takwas. Fermín, abokin rawata na shekara tara, yana tsakiyar fili da wata sabuwa, Yamila. Taku takwas ma ba ta iya ƙirgawa ba, sai haƙora a waje. Ya ɗago mini hannu, na yi kamar ban gani ba.

Don Osvaldo mai sa kiɗa ya jawo mini kujera bayan teburinsa, ya miƙo mini shayin mate. "Ke Ludmila, wannan fuska taki ko a gidan makoki sai an kore ki. Zauna ki koyi sana'a." Ƙarshen wata zai koma garin Rosario wurin 'yarsa, yana neman wanda zai bar wa teburin. Mako mai zuwa zai ba ni minti arba'in ya gwada ni. In ban samu teburin nan ba, babu sauran abin da zai riƙa kawo ni cikin mutanena. Tsoro nake ji, in faɗi gaskiya.

Laraba, 6 ga Maris

Tsohon nan ya cika mini waya da saƙon murya. Wai kada in zo da jerin waƙoƙi a shirye kamar takardar cefane. In fara da matsakaici, wanda ko kakarsa za ta iya takawa. In na ba su mai gudu ɗaya, in bar su su sha iska. Kada waƙa ta wuce minti uku da rabi, wata baiwar Allah na can hannun mai taka mata ƙafa tana jiran ceto. Na ƙarshe kuwa: "Yarinya, kwamfuta ba ta rawa. Fili za ki kalla."

Filin ne fa ba na son kallo.

Asabar, 9 ga Maris

Na zaɓi waƙa sittin don minti arba'in. Na goge, na sake. Ƙafata mai lafiya ba ta daina bugun ƙasa ba.

Lahadi, 10 ga Maris

Na zubar da kaina.

Waƙa uku na farko lafiya lau. Sai na ɗaga kai na hango Fermín da Yamila, yana juya ta da irin juyin da ni da shi muka ƙirƙira a ɗakin girkina. Ban san lokacin da hannuna ya kai ga waƙa mai gudu ba. Ta rikice, ta taka shi, ta fita tana ba da haƙuri. Daɗi ya kama ni. Na ƙara wata da ta fi ta gudu, na kuma ƙara. Kafin in farga fili ya zama wayam, saura mutum huɗu 'yan nuna bajinta. Sababbin ɗalibai sun jeru jikin bango suna fifita, biyu har sun sa takalman tafiya gida.

Don Osvaldo ya jira waƙar ta ƙare. Ya matsar da hannuna, ya sa wata mai sanyi, mutane suka dawo kamar an kira kaji da tsaba. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba: "Mutum sittin suka zo rawa, kin kore su don ki rama wa mutum ɗaya. Kin huce?"

Ban huce ba. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Litinin, 11 ga Maris

Ba zan koma ba.

Alhamis, 14 ga Maris

Don Osvaldo ya kira. Na ce ya nemi wani. Ya ce, "Haba sarauniyar fushi, wa ya ce kin ci? Faɗuwa kika yi warwas. Amma mai iya korar mutum da waƙa ɗaya ya san abin da ke ƙafar mutumin. Ki zo Lahadi, ba za ki taɓa komai ba." Aikin da ya ba ni: in zaɓi wanda ya fi kowa rauni a fili, in kalle shi awa huɗu, in gaya masa waƙar da zai iya takawa har ƙarshe. Mun san ko wace ce, ni da shi. Mugun tsoho.

Lahadi, 17 ga Maris

Na kalli Yamila. Da farko haƙorana a cije. Ashe ba kunne ne ba ta da shi ba, tsoro ne: da ta ji ganga ta ɓace ƙarƙashin ƙahoni sai ta fara ƙirga da baki, ƙafa ta tsere mata. In bugun ya fito fili kuwa, kafaɗunta sauka suke yi. Na nuna wa Don Osvaldo waƙa biyu. Ya sa ɗaya, ta kai ƙarshe ba tuntuɓe. Ya ce, "Uhm," ya ci gaba da tsotsar mate.

A bakin ƙofa ta tare ni: "Ke ce Ludmila? Kullum sai Fermín ya ce ba haka Ludmila ke yi ba. Na gaji da sunanki, ki yafe mini." Na yi dariya ba da niyya ba.

Lahadi, 24 ga Maris

Ranar Don Osvaldo ta ƙarshe. Ƙarfe biyar ya ce zai je sayo biredin medialuna a shagon bakin layi, in riƙe masa minti goma. Bai dawo ba sai bakwai da rabi. Ashe yana zaune can baya kusa da fanka, tsohon maƙaryaci.

Fili bai bushe ba ko sau ɗaya. Na hau da su, na sauko da su. Wani mai furfura da ban taɓa ganin ya tashi daga kujera ba yau ya tashi.

Wajen ƙarshe na sa wata mai sanyi sosai. Fermín ya zo har teburi, ya miƙo hannu: "Taso mana, gurguwa. A hankali zan bi da ke, ko juyi ba zan yi ba." Wata huɗu ina jiran hannun nan. Amma saura minti ɗaya waƙar ta ƙare, ga ɗaliban jikin bango sun fara gyaɗa kai, ban kuma zaɓi abin da zai fito da su ba.

Na ce masa gwiwa ce. Ya tafi.

Gwiwar kuwa yau ko motsi ba ta yi mini ba.