Maigidana Ya Yi Alkawarin Gada, Gari Ya Fito da Diga

Gwaggo Adama,

Don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin Asabar ɗin ƙarshen watan nan. Kaina ya ɗaure, kuma ba maganar da zan kai wa fasto ba ce, domin shi ma yana cikin waɗanda suka tafa. Ki yi haƙuri da Hausata, a kasuwar Zuru da bariki na tsince ta.

Ni ungozoma ce a wani ƙauye bayan duwatsu, in an bar Zuru an nufi Danko. Ba zan faɗi sunansa ba, ko da yake duk wanda ya ji labarin jakin da zan ba ki ya riga ya gane. Tsakaninmu da titi akwai rafi. Da rani ko akuya ba ta jiƙa ƙafarta in za ta ƙetare, amma daga Yuli zuwa Satumba, in ya kawo, sai ki rantse ba a Najeriya muke ba.

Maigidana, Baban Saloma, tsohon soja ne, da igiyar saje ya yi ritaya. Mutumin kirki ne, sai dai bai iya magana a hankali ba, ko addu'ar cin abinci yake yi maƙwabta sai sun amsa da amin. Bana ya ce zai tsaya takarar kansila. Na ce to, ai ya fi zaman gindin mangwaro ana labarin Laberiya kullum.

A bikin Uhola da ya wuce, bayan girbi, an gama kokawa, gari ya cika, sai aka miƙa masa lasifika don ya gai da jama'a. Gaisuwa kawai aka ce, Gwaggo. Ban san abin da ya hau kansa ba, sai ji na yi yana cewa in an zaɓe shi zai yi mana gada a kan rafin nan, gadar da tirela biyu za su wuce juna a kai madubinsu bai gogi juna ba, da fitilu gefe da gefe. Wannan fa ƙauyen da ko a-kori-kura ba ta shigowa sai ranar kasuwa. Wuri ya ruɗe da guɗa. Ni ma na yi, ba zan ɓoye miki ba.

A wani gari da an tafa an watse, kowa ya san maganar 'yan siyasa ce. Amma mazan garinmu rabi tsofaffin sojoji ne, sauran kuma 'yan golmo, wato noman da saurayi ke yi wa surukansa shekara bakwai shi da tsaransa kafin a ba shi mata. Irin waɗannan mutane, in babba ya tsaya gaban taro ya ce za a yi aiki, abin da suka sani shi ne a fito. Ranar Litinin da hantsi sai ga maza kusan sittin a ƙofar gidanmu, sun yi layi, da diga da shebur da kwanon sarki, suna tambaya ina za a fara.

Na leƙa ta zana na ga fuskar maigida, na san bai sani ba. Maimakon ya faɗa, sai ya shiga ɗaki ya sa tsohon takalminsa na soja, ya ɗauki sanda, ya shige gaba suka bi shi. Da suka kai rafi ya duba gabas ya duba yamma, ya nuna gindin wata ɗorawa ya ce nan. Daga baya ya faɗa mini inuwar ce ta ja shi. Kwana uku ana haƙa ramin tushe. Wasu suka ƙetare can tsallake, ɓangaren titi, suka yi ta fasa dutse suna tarawa, tulin har ya fi mutum tsayi. Mu mata muka yi ta tuƙa tuwon dawa muna kai musu.

Ana cikin haka ƙanena Ladan ya zo a kan babur. Shi musulmi ne, gidanmu haka yake, kowa da inda yake ibadarsa, kuma ya yi karatun awon ƙasa a Birnin Kebbi. Ya leƙa ramin, ya yi dariya har sai da ya zauna a ƙasa. Ya ce an zaɓi wurin da rafin ya fi faɗi, ƙasan kuma rairayi ne zalla, ruwan farko zai cike shi. Sannan a gaban jama'a ya shiga tambayar surukinsa ina zane, ina awo, wa zai kawo siminti da rodi, kuma tun yaushe kansila ya sami ikon gina ko da kwalbati ba da hannun shugaban ƙaramar hukuma ba. Aiki ya tsaya. Washegari jakin mai unguwa ya faɗa ramin, sai da mutum takwas suka ciro shi da igiya. Yanzu 'yan acaɓa in sun ɗauki fasinja sai su tambaye shi ko ta Gadar Saje za a bi.

Tun ranar maigida da Ladan ba sa ko gaisawa. Ladan ya ce duk wanda ba shi da tsari a rubuce ba shi da izinin buɗe baki gaban talakawa, yaudara ce ko da niyyar kirki aka yi. Maigida kuma ya ce shekara talatin masu karatu suna wuce rafin nan ba wanda ya taɓa furta kalmar gada, domin sun san wahalarta da yawa. Ya ce sai an faɗi abu ake neman hanyarsa. Hujjarsa babba kuwa ni ce. Wai ranar da ya gan ni ina dawowa daga ɗibar ruwa ya ce wannan zai aura, ba shi da zane ba shi da awo, ya dai ɗauki garma ya shiga golmo shekara bakwai, ga shi yau muna da jikoki. Wai da ya tsaya tsari da har yau ba a haifi Saloma ba. In ya faɗi haka har wani daɗi nake ji, Allah ya yafe mini.

Kuma kada ki ce abokin takararsa ya fi shi. Talle yana da tsari, littafi guda mai shafi arba'in, da taswira da hoton famfon burtsatse mai launi. Shi ne dai littafin da ya raba mana a wancan zaɓen, hoton bango kawai ya sake domin ya ƙara ƙiba. Ba mu ga famfo ba, amma mai ƙosai ta ji daɗin takardun.

Ga inda abin yake ci mini rai. Damina biyu da suka wuce, a watan Agusta, haihuwa ta gardama wa wata yarinya mai suna Monica, cikinta na fari. Na ga abin ya fi ƙarfina, muka ɗauke ta a kan ƙyauren ƙofa muka nufi asibiti. Muka tarar rafi ya kawo. Tun hantsi muke zaune a bakin ruwa, muna hango motar da aka kira tana tsaye a tsallake, direba yana ɗaga mana hannu. Kafin la'asar yarinyar ta cika a kan cinyata. Duk garin nan ba wanda ya kai ni son gadar nan, Gwaggo.

To, Asabar ɗin ƙarshen wata matan gari za su taru, na zumuntar coci da na Islamiyya, kuma sun aiko cewa ni za su tambaya ko gadar nan gaskiya ce. Yawancinsu ni na karɓi haihuwarsu, ban taɓa ce wa mace lafiya ƙalau alhali ba lafiya ba, shi ya sa abin da na faɗa shi za su dangwala wa. Uwar Monica za ta zauna a gaba. In na ce gaskiya ce, na yi mata alkawarin abin da mai alkawarin kansa bai san inda zai dasa shi ba. In na ce ban sani ba, na kayar da mijina da bakina, mutumin da ya yi mini noman shekara bakwai. Me zan ce musu?

Taki cikin damuwa,
Ungozomar Bakin Rafi
Zuru, Janairu 2007

AMSA

Maman Saloma,

Allah ya jiƙan Monica, ya ba mahaifiyarta haƙuri. Ki gaishe mini da jakin mai unguwa, shi kaɗai ne ya zuwa yanzu ya gwada gadar.

Zan fara da ba Saje haƙƙinsa. Yana da gaskiya cewa ba sai mutum ya san buhun siminti nawa ba kafin ya ce mata sun daina mutuwa a bakin rafi. Da haka dokar take, da ba wanda zai taɓa neman komai sai injiniya. Kuma littafin Malam Talle ya ishe mu shaida cewa ana iya cika shafi arba'in da tsari ba a haƙa ko taku ɗaya ba. A ƙasar nan mun ga masu takarda ba aiki, mun ga masu baki ba takarda, duk mun sha hannunsu.

Amma Saje bai ce yana fatan gada ba, cewa ya yi zai yi. Kuma ya faɗa wa mutanen da ya fi kowa sanin halinsu, waɗanda in an ce aiki ba sa tambayar ko wasa ake yi. Daga lokacin da mutum sittin suka bar ayyukansu suka ɗauki diga, maganar ta tashi daga buri ta zama amana. Laifinsa ba a wurin bikin yake ba. Laifin yana ranar Litinin, da ya ji kunyar cewa bai sani ba tukuna, ya nuna inuwa.

Batun golmo kuwa, daɗin baki ya yi miki, kuma na ga ya ci. Ki tambaye shi da murmushi: wa ya ce shekara bakwai ne ba biyar ba? Wa ya nuna masa gonar babanki da iyakarta? Wa ya sa ranar fita, ya tara tsaransa, ya ce ga mai jan gaba? Golmo tsari ne tun daga farkonsa har ƙarshe, dattawa suka riƙe shi a ka tun kafin a haife shi, shi ya sa bai gan shi ba. Ya faɗi babbar magana, ya tarar an share masa hanya. A gada ba dattijon da ya share masa, dole ya nemi wanda ya sani, kuma Allah ya ajiye masa shi a gidan surukai.

Ladan ma kada ki ƙyale shi. Iliminsa daidai ne, ladabinsa ne da saura. Wanda ya san inda bai kamata a haƙa ba, ya san inda ya kamata, kuma shekarun nan duk bai faɗa ba sai da ya sami abin dariya. Ke ce yayarsa. Ki kira shi, ki tuƙa tuwo, ki zaunar da su biyun a kwano ɗaya. Sannan su bi bakin rafin nan da ƙafa, shi da igiyar awonsa, Saje da sandarsa, su dawo miki da takarda guda ɗaya tak, ba arba'in ba. A rubuta inda gada za ta iya zama, da ofishin da ke da ikon gina ta, da wanda zai riƙa zuwa yana ƙwanƙwasa ƙofar, da abin da gari zai iya yi da hannunsa kafin ruwan bana. A cire tirela biyu da fitilu, ko Allah ya sa a samu ta a-kori-kura ɗaya.

Wannan na ƙarshen shi na fi so ki riƙe. Kin ce akwai tulin dutse a tsallake, ɓangaren titi, kuma kina da maza sittin da ba sa gudun aiki. A nemi izinin mai filin a gina ɗaki biyu da shi. Duk macen da watanta ya kama a damina, ki ƙetare da ita tun rafi bai kawo ba, ta zauna can inda mota ke iya zuwa. Wannan ba ya jiran zaɓe, ba ya jiran hannun shugaba.

Ranar Asabar kada ki rantse a kan gada, kada kuma ki ƙaryata mijinki. Ki faɗi abin da kika sani: yana son gadar da gaske, ya yi gaggawa, bai san yaushe ba, ga takardar, ga kuma ranar da za a fara ɗakin. Ya fi kyau ma shi ya zo ya faɗa da bakinsa, tunda Allah ya hore masa murya. In ya ƙi, kin sauke naki, su dangwala wa wanda suka ga dama. Kujerar kansila ana sake ta bayan 'yan shekaru, amma matan nan za su ci gaba da kallon fuskarki a kan gwiwa suna tambayar ko lafiya, kuma dole su iya yarda da amsar.

Uwar Monica ba za ta tambaye ki faɗin gada ba. Abin da take son ji shi ne, a watan Agusta mai zuwa, 'yar wata uwar ba za ta kwanta a bakin ruwa tana hango mota ba. Wannan kina iya yi mata alkawarinsa, ki kuma cika.

Allah ya daidaita tsakanin Saje da surukinsa, ya sauki matan garinku lafiya. A cike ramin nan kafin ya ci wani jakin.

Taku,
Gwaggo Adama