Wake Goma a Ƙoƙo

Zuwa ga maiɗakina Sanatu,

Bayan gaisuwa, ina fata ƙafarki ta yi sauƙi, kuma kowa a Tamale yana lafiya.

Ungozomar nan Kumasi ta umarci 'yarmu Azara ta riƙa ƙirga motsin cikinta, goma kafin la'asar, saboda ɓarin da ta yi bara. Na zana mata jadawali, ta ce, "Baba, jikanka ba ɗalibinka ba ne." Wake take jefawa a ƙoƙo, ƙwaya ɗaya a kowane motsi.

Ranar Talata huɗu kawai ta samu. Na kai ta asibiti, aka ji bugun zuciya daidai. Ban firgita ba, ko da yake a can ta nuna mini da silifas na banɗaki na fito.

Ki taho, Sanatu. Allah ya sauke ta lafiya.

Mijinki,
Wumbei