Ramin da Jirgi Ya Bari a Ƙasan Teku

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Ya ƙafar Inna? Ya kuke fama da annobar nan? Mu a nan unguwar Sentul, a ƙasar waje, alhamdulillahi, an sassauta kulle.

Ina da maƙwabci, Pak Harun (a nan "Pak" kamar "Malam" ne), mai koyar da nutso a teku. Yana yaro jirgin dakon kaya ya nutse da mahaifinsa, ba a ciro kowa ba. Duk shekara yakan sauka wurin jirgin, ya dafa ƙarfen ya yi addu'a. Korona ta hana shi zuwa sai makon jiya, na raka shi.

Ina cikin kwale-kwale ya shiga ruwa, rana tsaka, teku tsit. Bai jima ba ya taso, ya hawo kwale-kwalen ya zauna.

Na ce, "Pak, lafiya?"

Ya ce, "Jirgin ba ya nan."

Ya nuna mini hoton da ya ɗauko. Dogon rami ne a cikin yashi, daidai siffar jirgi, kifaye suna ta kewaya shi kamar har yanzu yana wurin. Mai kwale-kwalen ya ce ɓarayin ƙarfe ne suka kwashe shi lokacin kulle, da ba kowa a teku. Pak Harun ya ce, "Ƙasusuwan fa?"

Yaya, don Allah ranar Juma'a ka leƙa maƙabarta, ka gaya mini kabarin Baba yana nan. A sa mu a addu'a. Ka gaida Inna da kowa da kowa.

Ƙaninka,
Bashir